Ranar Da Muka Cire Ƙofar Ɗakin Sikanin

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Mai girma shugaban wannan taro, mai girma babban baƙonmu, wanda muka daɗe muna jiran ranar da zai samu sukunin zuwa, shugaba da membobin hukumar gudanarwa, shugaban asibiti da sakataren asibiti, abokan aikina likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu ɗakin gwaje-gwaje, masu shara da masu gadi, 'yan jarida, iyayena maza da mata da ke zaune a ƙarƙashin rumfa, da waɗanda ba su samu kujera ba suna tsaye a rana, da ku majinyata da nake hango kuna leƙowa ta tagogi, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce likitar da ke shugabantar sashen hoto na wannan asibiti. An ce in tashi in yi godiya, sannan in bayyana wa jama'a irin na'urar da aka taru yau don ƙaddamarwa. Zan yi duka biyun. Bayan su akwai wata magana wadda babu wanda ya sa ni, kuma ina roƙon shugaban taro ya bar ni in kai ƙarshenta.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa duk wanda ya sa hannu aka sayo wannan na'ura, domin alheri ya yi, kuma babu abin da zan faɗa yau da zai rage masa lada. Ina gode wa injiniyan da ya zo daga nesa ya haɗa ta, ya zauna da ni yana koya mini har hannuna ya faɗa. Ina gode wa ma'aikatan sashena, waɗanda suka yi shekaru suna lallaɓa tsohuwar na'urarmu kamar yadda ake lallaɓa tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Magana ta farko, mece ce wannan na'ura?

Kusan kowa a nan ya san sikanin. An shafa maka mai a ciki, an ɗora wani abu kamar sabulu ana gogawa, hoto ya fito a allo. To, abin nan da ake gogawa, bakinsa cike yake da ƙananan ƙwayoyi a jere. Su ne ke tura wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sautin ya bugi hanta ko ƙoda ko jariri ya dawo, kamar amsa-kuwwa, sai na'ura ta mai da shi hoto. A tsohuwar hanya, ƙwayoyin nan duka sukan haɗu su auna wuri guda, su zana layi ɗaya, su matsa su zana na gaba. Likita ce za ta zaɓi zurfin da take son gani sosai. Wurin da ta zaɓa ya fito tas, abin da ke samansa da abin da ke ƙasansa ya zama dusu-dusu. Idan mutum mai jiki ne, kuma ciwon yana can ƙasa, sau da yawa sai dai a yi hasashe.

Sabuwar ba haka take aiki ba. Ƙwaya ɗaya ce za ta yi magana, sautinta ya bazu ko'ina, sauran duka su yi shiru su saurara. Sai ta kusa da ita ta karɓa, sauran su saurara. Haka za su yi ta karɓa-karɓa cikin saurin da ya fi ƙiftawar ido. Kwamfutar da ke ciki tana ajiye duk abin da kowace ƙwaya ta ji, ta lissafa lokacin da kowace amsa ta dawo, ta haɗa su wuri guda. Daga ƙananan kunnuwa masu yawa sai a samu babban kunne ɗaya. Sakamakon shi ne hoto ya fito sarai tun daga fata har can ƙasa, ba sai ka zaɓi inda za ka gani ka sadaukar da saura ba. Kuma tana nuna jini yana tafiya a jijiya, ko da a hankali yake tafiya, ta nuna inda ya nufa da inda ya tsaya. Ba tsafi ba ce. Tana son wuta mai ƙarfi da hannun da ya iya. Amma a hannun da ya iya, tana ganin abin da muka yi shekaru muna lalube.

Wannan ita ce na'urar. Yanzu ku riƙe wannan a ranku, mu je magana ta biyu.

Jama'a, na'urar nan ba jiya ta zo ba. Tun kafin ruwan bana ya sauka aka haɗa ta, aka gwada ta, ta yi aiki. Ranar da injiniya ya tafi, a ranar aka rufe ɗakin, aka kai makulli ofishin sakatare. Na bi makullin. Aka ce mini, "Likita, ki yi haƙuri, umarni ne daga sama. Sai an ƙaddamar." Na ce yaushe? Aka ce an kusa sa rana. Aka sa rana, aka ɗage. Aka sake sawa, aka sake ɗagewa. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta fito a bakin ɗakin aka nome ta, ta sake fitowa.

Sau ɗaya aka buɗe ɗakin nan da makulli a duk tsawon lokacin, kuma ba don majinyaci ba. Mai ɗaukar hoto aka kawo. Aka kwantar da wata ma'aikaciyar ofis mai ƙoshin lafiya a kan gado, aka ce ta ɗan ɓata fuska, aka ɗauki hoton da kuke gani a jikin allon da ke bayana. Da aka gama aka kulle. A daidai wannan lokacin mata masu juna biyu na zaune a benci a ƙofar tsohon ɗakinmu, suna jiran na'urar da sai an buge ta a gefe take kawo hoto.

A cikin watannin nan aka kawo mini wani direban babbar mota. Mutum ne mai jiki, mai fara'a, irin wanda in ya shigo ɗaki sai kowa ya san ya shigo. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura tun daga cinya. Yana kwance ina shafa masa mai yana ce mini, "Likita, ki duba da kyau, ƙafar kuloci ce. Da ita nake ciyar da gida." Muna zargin jini ne ya daskare a babbar jijiyar da ke can cikin ƙugu. Irin wannan gudan jini in ya ɓalle, huhu yake nufa, kuma yakan kashe mutum yana cikin magana. Maganinsa shi ne a tsinka jinin. Amma bawan Allah nan yana da gyambon ciki, bai daɗe da yin aman jini ba. A ba shi maganin alhali babu gudan jini, an jefa shi a hatsari a banza. A hana shi alhali akwai, an bar shi da ajali a ƙugu. Ba a yanke irin wannan hukunci da ka. Sai an gani.

Na duba da tsohuwar na'ura. Na danna, na juya shi, na sake dannawa. Zurfin ya fi ƙarfinta. Na tafi ofishin sakatare da farar rigata a jikina, na roƙa. Aka ce sai an ƙaddamar, aka ce a tura shi babban asibitin da ke wani gari. Aka sa shi a mota, a kan hanyar da dukanmu muka san halinta. Bayan kwanaki ƙanensa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofata, bai ko zauna ba. Ya ce, "Likita, na zo in gaya miki ne kawai. Yaya bai kai ba." Ya yi mini godiya, jama'a. Godiya ya yi mini! Bai san cewa bango ɗaya ne tsakanin gadon da yayansa ya kwanta da na'urar da za ta iya gani ba.

Ba zan ce muku lallai da ya rayu ba. Rai a hannun Allah yake. Amma zan ce muku an hana shi damarsa, kuma ba rashin kaya ne ya hana shi ba, ba rashin likita ba ne, ba rashin wuta ba ne. Rumfar nan da kuke zaune a ƙarƙashinta ce ba a kafa ba tukuna.

Magana ta uku.

A watan da ya wuce aka yi wa wata malamar firamare aikin haihuwa a nan. Ta zubar da jini sosai, har sai da aka ƙara mata. Allah ya ba ta 'ya mace. Tana cikin farfaɗowa sai ƙafarta ta hagu ta fara kumbura, tun daga cinya. Babbar sistar ɗakin masu jego ce ta fara lura. Kun san ta, da yawa daga cikinku a hannunta aka haife ku ko aka haifi 'ya'yanku. Ita ta turo gadon da kanta zuwa sashena, da tsakar rana, mijin malamar yana biye da jaririya a hannu.

Na ɗora tsohuwar na'ura, na ga abin da na gani a jikin direba, wato ban ga komai ba. Mace ce da aka yanka kwanan nan, ɗinkinta bai kame ba. Matsalar dai ita ce ta wancan karon, a ba ta maganin tsinka jini ko kada a ba ta. Shugaban asibiti ya yi tafiya. Na kira sakatare a waya. Ya ce, "Haba Likita, saura kaɗan fa. An sa rana, wannan karon da gaske ne. Ku tura ta kawai." Na ce na tura wani a wannan hanya, na san yadda ta ƙare. Ya ce shi ma yaron wani ne, ya kashe waya.

Muna tsaye a baranda, ni da Sista, gadon malama a tsakaninmu, ga ƙofar sabon ɗaki a gabanmu. Malamar ta kama hannun Sista ta ce, "Anti, ku gaya mini gaskiya, mutuwa zan yi?" Sista ta ce, "Rufe mini baki, 'yar nan. Wa zai shayar da wannan in kin mutu? Ni?" Ta faɗa da tsawa, amma ba ta saki hannun malamar ba.

Sai mijin ya matso. Kafinta ne. Ya ce, "Likita, Allah ya ba ki haƙuri, na ji maganarku. Abin da zai duba ta yana cikin ɗakin nan ne?" Na ce yana ciki. Ya ce, "Kuma ƙofar ce kawai matsalar?" Na ce ita ce. Ya dubi ƙofar sama da ƙasa, ya ce, "Ai ni na kafa ta. Lokacin ginin ni ɗan kwangila ya ɗauka na sa ƙofofin layin nan duka. Ba sai an fasa komai ba. Ƙarafan da ke riƙe da ita ta waje suke. In kin ba ni izini zan sauke ta lafiya lau, ko fenti ba zai goge ba."

Ku saurara da kyau, domin a nan ake ta ƙarya a kansa. Bai taɓa ƙofar nan ba sai da ya nemi izini. Ni na ba shi. Na ce, "Malam, sauke ta." Ya miƙa wa Sista jaririyar, ya buɗe jakar aikinsa da ke rataye a kafaɗarsa, ya fito da sukundireba da 'yar guduma. Ya sauke ƙofar ya jingine ta a bango a hankali, har da sa tsumma a ƙarƙashinta. Akwai waɗanda suka kama masa. An tambaye ni su wane ne, na ce na manta fuskokinsu, kuma har yau ban tuna ba.

Muka tura gadon ciki, na yaye ledar da aka lulluɓe na'urar da ita, na kunna. Jama'a, na daɗe ina wannan aiki, amma ban taɓa ganin cikin ƙugun mutum kamar yadda na gan shi ranar ba. Ga jijiyar da ke harbawa tana harbawa. Ga babbar jijiyar da ke mai da jini a gefenta. Ga gudan jinin kwance a cikinta, dogo, jini yana ɗan matsawa ta gefensa da ƙyar. Na duba mahaifa da wurin ɗinki, babu jinin da ya taru. Yanzu mun san abin da ke gabanmu. Na kira likitanta, muka auna maganin daidai jikinta, muka fara, muka sa mata ido. Ƙafar ta sace. Ta tashi ta taka. Yau tana gida tana shayar da 'yarta.

Da a wani wuri ne, da nan labarin ya ƙare, a yi hamdala. A nan kuwa daga nan ya fara.

Washegari aka kawo wani kafinta ya mai da ƙofar. Ya mai da ita a karkace, in an buɗe anjima za ku ji tana gogar ƙasa. Aka mai da leda a kan na'ura, aka goge sawun tayar gado, don kada babban baƙo ya gane an riga shi shiga. Sista, matar da ta ba asibitin nan ƙuruciyarta da ƙarfinta, aka dakatar da ita daga aiki. Laifinta wai ta tura gado zuwa wurin da ba a ba da izini ba. Tana gida yanzu. Ba a gayyace ta wannan taro ba. Ɗakin masu jego kuma an bar shi a hannun yara sababbin fitowa, suna kiranta a waya a ɓoye suna tambayarta abin da za su yi.

Kafinta kuwa, 'yan sanda aka kira masa. A gaban gadon matarsa aka tafi da shi, tana kwance da robar magani a hannu, tana cewa, "Me ya yi? Don Allah me ya yi?" Ya kwana a tsare, aka ba da belinsa, aka riƙe jakar aikinsa wai shaida ce. Kafinta ba zarto, ba guduma, da mai jego a gida. Gobe da safe zai tsaya gaban alƙali, ana tuhumarsa da fasa ginin hukuma. Ginin da shi ya sa wa ƙofa!

Ni fa? Ni da na ba da umarni? Babu wanda ya ce mini uffan. Kun san dalili? Domin ni kaɗai ce a asibitin nan na iya sarrafa na'urar, kuma ana bukatar wadda za ta kunna ta yau a gaban kyamara. Aka tsallake mai farar riga, aka kama wanda ba shi da kowa. Aka tsallake wadda ta ce a yi, aka hukunta waɗanda suka ce to. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai fiye da a ce ni aka kora. Ina kwana da shi, ina tashi da shi, kuma na rantse ba zan tsaya a nan in yi murmushi in yi shiru ba.

Ina tambayarku, iyayena, don wa aka sayo na'urar nan? Don wa aka gina ɗakin? Idan asibiti ya ga rai a gefe guda, ya ga biki a gefe guda, ya zaɓi biki, me ya rage na sunansa? Wane irin tsoro ne wannan da ya shige mu, har babba da iliminsa zai ji ana cewa mace za ta mutu, ya ce shi ma yaron wani ne? Dukanmu yaran wani ne. Amma akwai ranar da za a tambayi kowa shi kaɗai, kuma a ranar babu wanda zai ce umarni ne daga sama.

Mai girma babban baƙo, ina kyautata zaton ba ka san wannan ba. Ina kyautata zaton babu wanda ya taɓa zuwa ya ce maka, ranka ya daɗe, duk ranar da ka ɗage, akwai wanda ke biya da jikinsa. Waɗanda ke kewaye da kai sun ga ya fi musu sauƙi su kulle ɗaki da su faɗa maka haka. Amma da sunanka aka kulle shi. Da sunanka aka mai da direba kan hanya, da sunanka aka kama kafinta. Yanzu ka ji da kunnenka, a gaban jama'a, kuma daga wannan lokaci ba za a ce ba ka sani ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba. A janye ƙarar kafinta yau, kafin a tashi daga taron nan, a mai da masa kayan aikinsa, a ba shi haƙuri a gaban matarsa kamar yadda aka wulaƙanta shi a gabanta. A dawo da Sista bakin aikinta, kuma wanda ya dakatar da ita ya taka da ƙafarsa har gidanta ya gaya mata. Makullin ɗakin sikanin ya zauna a sashen hoto, a hannun masu aiki da shi. A tura matasan likitocinmu su koyi na'urar nan, domin abin kunya ne asibiti guda ya rataya a hannun mace ɗaya mai iya kwanciya ciwo kamar kowa. Sannan hukumar gudanarwa ta nemi iyalan direban nan ta gaya musu gaskiyar abin da ya faru. Sun yi mana godiyar da ba mu cancanta ba, kuma tana nan a wuyanmu.

Idan kuwa an ga lallai sai an hukunta wani, to ga ni. Gobe da safe zan sa farar rigata in tafi kotu, in tsaya kusa da kafinta, in gaya wa alƙali abin da na gaya muku, kalma da kalma. In akwai wanda ya fasa gini, bakina ne ya fasa shi. Amma ba sai an kai ga haka ba. Mai girma, lasifikar nan daga hannuna hannunka za ta koma. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa mutumin nan ya kwana da kwanciyar hankali yau.

Ya Allah, ka jiƙan direban nan, ka yafe masa, ka tsaya wa marayunsa. Ka ƙara wa malama lafiya, ka raya 'yarta. Ka saka wa Sista da alherin da ta yi wa matan da ba za su ƙirgu ba. Ka ba majinyatanmu sauƙi, na kwance da na tsaye. Ka ba shugabanninmu masu gaya musu gaskiya, ka ba su zuciyar karɓarta. Mu kuma da ka ɗora wa amanar rayuka, ka cire mana tsoron kowa sai naka. Ka mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaban taro, na gama, amma ka yi mini uzuri, ba zan koma kujerata ba. A nan gefe zan tsaya har in ji amsa.

Na gode.